Litiyam: Wa zai cike ramin, wa zai kwashe mataccen batir?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, zancen abin hawa mai amfani da lantarki ya tashi daga shafukan masu sha'awar motocin Turai ya shigo majalisar 'yan adaidaita sahu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta zarce 1,000. Mai adaidaitan da ke jigila daga Yankaba zuwa Jogana da Gezawa, ko ɗan acaɓan da ke shiga Babawa da Wangara, ba ya buƙatar a yi masa lacca a kan sauyin yanayi. Lissafi kawai yake yi da yamma: nawa ya samu, nawa gidan mai ya karɓe, nawa ya rage na balas da cefane. Duk wanda ya zo masa da mashin ɗin da ake yi wa caji kamar waya, zai tsaya ya saurare shi.

Ni ma ina tare da shi, kuma abin ba baƙo ba ne a Arewa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ya buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir.

Sai dai waɗannan motocin, da wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta, da fawa bank ɗin da ke aljihunka, da sabbin baturan sola da ake rububi, duk abu ɗaya suke ci: litiyam. A nan nake ganin muna tafiya ido rufe. Tsakiyar rayuwar batir kawai muke kallo, wato shekarun da yake mana aiki. Farkonta rami ne a gonar wani. Ƙarshenta juji ne, wanda a irin garuruwanmu gona yake komawa. Kuma yanzu duka biyun a Arewa suke.

Bari mu fara da awo. Batirin waya mai 5,000mAh, irin na yawancin Tecno da Infinix da Redmi da ke hannun matasa, litiyam ɗin da ke cikinsa bai wuce giram ɗaya zuwa biyu ba. Batirin matsakaiciyar motar lantarki mai 60kWh yana ɗaukar wutar irin wannan waya sama da 3,000, kuma yana cin litiyam kusan kilo takwas. A 2024 an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 17 a duniya, har da masu haɗa fetur da caji, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Wayoyinmu ba su suka haddasa rububin da ake yi ba, motoci ne.

Ta hanya biyu ake samun sa. A Chile da Ajantina ruwan gishiri ake zuƙowa daga ƙarƙashin hamada, a baza shi a manyan tafkuna, rana ta yi ta ƙafar da shi shekara guda ko fiye. Hamadar Atacama tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ƙarancin ruwa a duniya, kuma mazauna wurin sun daɗe suna taƙaddama da kamfanonin SQM da Albemarle a kan ruwan. A Ostareliya, wadda ta fi kowa haƙowa, da Zimbabuwe da Mali da Najeriya, dutse ake fasawa. A yawancin manyan mahaƙan duniya, tan ɗaya na dutse ba ya ba da fiye da kilo biyar zuwa goma na litiyam zalla. Ke nan kowace mota tana da tan ɗaya ko fiye na dutsen da aka fasa dominta, ban da ƙasar da aka yaye kafin a kai gare shi. Kusan kashi 99 cikin 100 na abin da aka tono shara ne: wani ya tsaya a bakin rami, wani wurin wanki, ragowar a matata, inda ake gasa garin dutsen a zafin da ya haura digiri 1,000 sannan a jiƙa shi da asid. Wannan matakin na ƙarshe, inda kuɗin yake, kusan kashi biyu cikin uku a Sin ake yin sa.

Turawa kansu sun san nauyin abin. A Sabiya, zanga-zangar manoma da matasa ta sa gwamnati ta soke izinin kamfanin Rio Tinto a kwarin Jadar a Janairun 2022, ko da yake an sake taso da maganar a 2024. Suna son motar, ba sa son ramin a bayan gidansu.

Ramin

A Najeriya an samu dutsen litiyam a jihohin Nasarawa, Kaduna, Neja, Kebbi, Kwara, Kogi, Oyo da Ekiti. Gwamnati ta ce ba za a riƙa fitar da ɗanyensa ba sai an sarrafa shi a gida. A 2022 ministan ma'adinai na lokacin, Olamilekan Adegbite, ya ce ya ƙi amincewa da buƙatar Tesla ta kwasar ɗanyen dutse, sai in za ta kafa masana'antar batir a nan. Dele Alake da ya karɓi ma'aikatar ya ɗora a kan wannan magana, kuma a Maris 2024 ya ƙaddamar da rundunar tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens. A Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar na 'yan Sin a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda aka ce tana iya sarrafa tan 4,000 na dutse a rana.

Idan ka ji an ce "masana'antar litiyam" kada ka ɗauka batir ake haɗawa. Galibin irinsu a Afirka niƙa da wanki da tacewa suke yi, su ɗura garin da ya fi ƙarfi a buhu, a kai tashar jirgin ruwa. Ya fi fitar da ɗanyen dutse, wannan na yarda, kuma akwai matasan da suka samu aiki. Amma ka lura da yadda rabon ya kasance. Ɓangaren da ke shan ruwan rafi yana tara dagwalo ya tsaya a wurinmu, ɓangaren da ya fi riba ya ƙetare teku, mu kuma mu sayo batirin da dala. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kaso mai yawa na dutsen da ake haƙowa a ƙasar nan masu diga da shebur ne ke tono shi. A Disambar 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa rahoto daga ƙauyen Pasali a Jihar Nasarawa, inda ya nuna ƙananan yara, waɗanda ya kamata a ce suna makaranta, suna zaune a rana suna farfasa dutse suna ware mai litiyam, kowannensu ba ya tashi da dala ɗaya a wuni. Rahoton ya ce masu saye ba sa tambayar daga wane rami dutsen ya fito, ko hannun wa ya fasa shi. Ramukan kansu ba su da tokari. A farkon Yunin 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wani ramin haƙar ma'adinai ya rufta da gomman mutane a Galadima Kogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja. Ga kuma ciwon da ba ya zuwa da ƙara: ƙurar dutse. Wanda ya shekara da shekaru yana shaƙarta ba tare da ƙyallen rufe hanci ba, huhunsa yana ƙanƙancewa a hankali, kuma ba ya dawowa daidai.

A yi adalci, dutsen litiyam ba shi da irin dafin da ya yi ɓarna a Zamfara. A can, a 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda dutsen zinaren da ake dakawa a tsakar gida cike yake da dalma. Aƙalla yara 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje da tituna aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya maimaita kansa a Shikira ta Jihar Neja. Ma'adinin daban ne, amma tsarin aikin ɗaya ne da na Pasali: farashi ya tashi a wata ƙasa mai nisa, dillali ya iso da sikeli da buhu, ƙauye ya bar gona ya shiga rami, babu mai gwada ruwa, babu mai gwada ƙura, sai an fara jana'iza hukuma ta turo kwamiti.

Wanda ke son ganin yadda rami ke zama bayan shekara hamsin, ya je Filato. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Ingila suka yi ta haƙar kuza a can, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin dole. Kuzar ta tafi. Ɗaruruwan tafkunan da aka bari suna nan tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, a inda da gonaki ne.

Abin da ya fi damuna da litiyam shi ne ba lallai ya ba mu ko rabin waɗancan shekarun ba. A Nuwambar 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam da ake haɗa batir da shi ya kusa yuwan 600,000 a kasuwar Sin, sama da dala 80,000 ke nan. Kafin 2024 ta ƙare farashin ya faɗo da fiye da kashi 80 cikin 100, har wasu mahaƙai a Ostareliya suka dakatar da aiki. Kamfanin CATL, wanda ya fi kowa haɗa batirin mota, tun 2021 ya nuna batirin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya, wanda babu ƙasar da ba ta da shi. Babban kamfani in kasuwa ta faɗi, ya kulle ƙofa ya jira. Manomin da ya ba da gonarsa aka yaye mata ƙasar sama, me zai jira?

Mutumin Gezawa ya fi kowa sanin darajar taku ɗaya na ƙasa. A nan ba a barin gona ta huta, duk shekara sai an noma ta, kuma duk rabon gado sai ta ƙara tsukewa. Mun kuma san abin da ramin ɗiban ƙasa ke zama bayan masu tifa sun tafi: kududdufi, sauro da damina, iyaye na hana yara zuwa wanka. Gezawa ba garin ma'adinai ba ce, amma da wannan idon ya kamata mu kalli Nasarawa da Kebbi, don matasanmu na cikin masu tafiya can cin rani, kuma ranar da aka ce an ga wani dutse mai tsada a wata ƙaramar hukumar Kano, dokar da ta shafe su ita za ta shafe mu.

Dokar kuwa ga yadda take. Sashe na 44 na tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonar kakanka yake, kuma haƙar ma'adinai tana gaba da sauran amfanin ƙasa. Amma dokar ta kuma wajabta a nemi yardar mai gona kafin a ba da lasisi, a biya shi diyya, a ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar ci gaban al'umma da garin kafin a fara aiki, a kuma zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli. Mutum nawa ne a ƙauyukan da ake haƙa suka taɓa ganin wannan takarda da idonsu, balle a karanta musu ita da Hausa? Ra'ayina shi ne kuɗin cike rami a ajiye shi kafin a sa diga ta farko, a buga adadinsa da sunan kamfanin a intanet inda kowa zai gani. Masana'antar da ke sayen dutse kuma ta riƙa rubuta ramin da kowace mota ta ɗauko kaya. Wanda ya iya auna ƙarfin dutse kafin ya biya, ya iya tambayar daga ina aka kawo shi.

Na san abin da wani zai ce: ai fetur ya fi ɓarna. Gaskiya ne, kuma ba kusa ba. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, in ta yi kilomita 200,000 ta ƙone lita 16,000, duk ya bi iska, babu ɗigon da za a dawo da shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan yankin Ogoni ya ce tsaftace ɓarnar ɗanyen mai a can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Litiyam sau ɗaya ake haƙo shi, ya yi aiki shekaru, kuma ana iya sake ciro shi daga tsohon batir. In aka auna tun daga ma'adini har zuwa bola, motar lantarki ta fi ta fetur ƙarancin hayaƙi a mafi yawan ƙasashe. Shi ya sa nake goyon bayanta. Amma mai gona a Pasali ba da Ogoni yake kwatanta gonarsa ba, da yadda take bara yake kwatanta ta.

Sannan akwai sharaɗi irin namu. Wutar ƙasa yawancinta daga iskar gas take, ragowar daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, don haka cajin da aka yi da ita ba laifi. Matsalar, a garin da wutar KEDCO ke zuwa kamar baƙo, da me za a yi cajin? In da ƙaramin janareto ne, an koma gidan jiya: fetur ɗin aka ƙona, sai dai an ƙara da haƙo rami a Nasarawa. Abin da ya dace da mu shi ne rumfar caji mai sola da musayar batir, ɗan acaɓa ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke. Kuma ƙananan ababen hawa ya kamata mu sa a gaba. Batirin ƙatuwar jif mai 100kWh zai yi baturan babur 25 zuwa 30. Litiyam ɗaya ne, amma ɗaya mutum guda yake kaiwa ofis, ɗayan gidaje talatin yake ciyarwa.

Jujin

Yanzu mu dawo gida, don wannan ɓangaren ne ya riga ya iso Gezawa.

Masu bincike irin su Michael Mortimore sun shafe shekaru suna mamakin yadda ƙasar da ke kewaye da Kano ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba tare da ta gaji ba. A shekarun 1990 Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau, a nan ƙaramar hukumar Gezawa, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Amsar kowane yaro a ƙauye ya san ta. Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa, harawa ta tafi ga awaki da tumaki, kashinsu ya haɗu da toka da sharar tsakar gida a juji, da bazara a kwashe a mangala ko amalanke a kai gona. Ƙauyukan da suka fi kusa da birni har sharar Kano suke saye a tifa. Wannan zagayen ya yi aiki ne saboda duk abin da ke shiga juji ruɓewa yake. Leda ta fara ɓata shi. Yanzu ga batir: na waya, na tocila mai caji, na fankar caji, na ƙaramin rediyon MP3, na fitilar sola 'yar dubu biyu da ke mutuwa kafin shekara.

Batirin litiyam ba ya kai na dalma dafi, amma ba taki ba ne. Irin na waya yana da kobalt, wasu suna da nikel, ga ruwan sinadarin da ke ciki wanda in wuta ta taɓa shi yake fitar da hayaƙi mai ƙona huhu da ido. Kuma mu al'adarmu ce a cinna wa juji wuta. In aka huda shi ko aka murƙushe shi yana iya kamawa da kansa, ko da ka ɗauka ya mutu, a gidan da ke da danga da rumbu da tarin harawa a kan rufi.

Ga wani abin da ba a cika faɗa ba. Tsohon batirin mota da na inbata mai dalma ba ya kwana a bola, saboda 'yan gwangwan na sayen sa da kilo. Yadda ake fasa shi abin tsoro ne, a tsiyaye ruwan batir a ƙasa, a narka dalmar babu kariya, kamar yadda mutanen Ogijo a Jihar Ogun suka daɗe suna kuka da masana'antun da ke kusa da gidajensu. Duk da haka yana da kasuwa, akwai mai bin sa gida gida. Mataccen batirin litiyam ba shi da wannan farin jinin. Nau'in LFP ma, wanda aka fi sa wa sola da ƙananan motoci yanzu saboda ya fi juriya da wuyar kamawa da wuta, babu kobalt ko nikel a cikinsa, don haka ɗan jari bola ba shi da abin da zai ci a jikinsa. Abin da ba shi da mai saye kuwa, juji ne makomarsa.

Kuma ba sababbi kawai muke samu ba. Duk mai shiga Farm Centre ko titin Beirut ya san fawa bank ɗin da aka rubuta wa 50,000mAh amma ba ya cika waya biyu. Buɗe irinsa, sau da yawa tsofaffin ƙwayoyin batirin laftof ne aka sake yi wa riga. Sake amfani da ƙwayar da ke da sauran rai ba laifi ba ne in an gwada ta an faɗa wa mai saye gaskiya. Amma ka tuna yadda muke samun mota a ƙasar nan: 'yar Kwatano, bayan ta gama shekara goma a Turai ko Amurka. Haka motocin lantarki za su zo, da batirin da ya riga ya cinye rabin ƙarfinsa, mai nauyin kilo 300 zuwa 500. Wani ya ci ƙuruciyarsa, mu za mu yi masa jana'iza.

Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda ta ce daga ƙarshen 2027 dole a ciro rabin litiyam ɗin da ke cikin tsofaffin batura, zuwa 2031 kuma kashi 80 cikin 100. A nan ma hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kula da batir a 2024, waɗanda suka ɗora wa mai shigo da shi da mai haɗa shi alhakin karɓar mataccensa. Takarda ta yi. Abin da ya rage shi ne wurin ajiyewa da kuma dalilin da zai sa mutum ya kai. Ni dai ba na jin wa'azin muhalli zai sa kowa ya hau mota daga Tsamiya Babba zuwa birni don kai batirin waya. Kuɗi ne zai sa. Yayyenmu sun san zamanin kwalbar lemo, ba ka tafiya da ita sai ka bar kuɗin kwalba, kuma ba ka taɓa ganin ta a bola. A yi wa batir haka. Mai shigo da kaya ya ɗora ɗan wani abu a kan farashi, wanda ya dawo da matacce a shagon caji ko wurin mai gyaran waya ya karɓi abinsa, dilan ya kwashe zuwa birni a motar da ta kawo sababbi. Babban batirin sola da na babur kuwa, kada a ba kamfani izinin sayarwa a Kano sai ya nuna inda zai karɓi tsoho. Tsarin musayar batir yana da wannan fa'idar: batirin na kamfani ne har ya mutu, ba a bar wa ɗan acaɓa gawarsa ba.

Kada wani ya ce mu masu waya ba mu da ta cewa. Bagega ce ƙauye mafi girma da gubar dalma ta shafa a Zamfara, kuma ta zauna fiye da shekara biyu tana jiran kuɗin tsaftacewa. Matasa ne, Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, suka ɗauki maganar zuwa Twitter da Facebook da taken #SaveBagega, suka yi ta matsa wa hukuma har aka saki kuɗin a farkon 2013. Lokacin ko rabin wayoyin da ke hannunmu yau babu. Ɗan uwanka da ke aiki a ramin Nasarawa ko Kebbi yana da kyamara a aljihu. Ya ɗauki hoton rafin garin kafin a fara wanki da bayan an fara, da kwanan wata. Wanda ya iya karatu ya nemi kwafin yarjejeniyar al'umma a wurin mai gari, ya karanta wa jama'a.

Na hannunka kuma, ka ja masa kwana. Zafi ne babban makashin batirin litiyam, kuma a watan Afrilu muna haura digiri 40. Kada ka bar waya a kan tankin mashin ko gaban mota a rana, kada ka yi caji ƙarƙashin matashi, kuma in wayarka tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kamar yawancin sababbin Samsung da iPhone, ka kunna shi. Wayar da batirinta ya yi rauni canjin batir take buƙata, ba sai ka sayi sabuwa ba.

In ya kumbura, ka daina yi masa caji nan take. Kada ka huda shi da allura don iska ta fita, kamar yadda wasu ke nunawa a TikTok, kada ka ba yara su yi wasa da shi. Ka sa shi a gwangwani da yashi, a inuwa, nesa da kara da harawa, ranar da za ka shiga birni ka kai wa mai gyara, ka kuma tambaye shi ina yake kai nasa. Daga Maris zuwa Mayu ake kwasar taki a yankinmu. Kafin amalanke ta tsaya a ƙofar gidanku bana, ka ɗauki manjagara ka bi jujin, ka ware duk batirin da ka gani a gefe guda, ka ƙirga su.